Jakadun Musamman Da Tukunyar Uwargida



Idan kina cikin masu yin cefane a Babbar Kasuwar Kaduna, wato Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke kan titin Ahmadu Bello, to ba sai an kwatanta miki wurin da ake kira Checheniya ba. Asalin wannan suna na wani yanki ne can a kudancin ƙasar Rasha, wanda yaƙi ya ɗaiɗaita a shekarun 1990, amma ga shi ya zauna daram a bakin mutanen Kaduna kamar a nan aka raɗa shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa abin da ya faru a nesa yakan biyo rediyo, ya biyo motar kaya, har ya iso bakin rumfar da kike ciniki.

Sau nawa kika ji an ce a labaran duniya, shugaban ƙasa ya naɗa wane manzo na musamman a kan matsala kaza, ko ya tura tawaga ta musamman zuwa ƙasa kaza? Da yawa daga cikinmu mukan ci gaba da wanke-wankenmu, muna ganin ai wannan harka ce ta manya a Abuja, masu manyan riguna da jiragen sama. To 'yar'uwa, ki gyara zama. A wannan fitowa za mu duba su wane ne waɗannan jakadu, mu kuma bi sawun aikinsu mu ga yadda ya taɓa kwandon cefanenki, da lafiyar ɗanki, har ma da kujerar Makkar da kike tara wa kuɗi.

Jakada iri biyu ne

Kalmar jakada tsohuwa ce a wurin Bahaushe. A zamanin da, jakada shi ne mai kai-da-kawo tsakanin hakimi da ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa, ya kai umarni, ya karɓo haraji. A cikin gidan sarki kuma akwai jakadiya, macen da aka amince mata ta shiga inda fadawa ba su isa su taka ba, ta ɗauko magana daga cikin gida zuwa wurin sarki, ta kuma mayar da amsa. Duk wadda ta taɓa zama kusa da gidan sarauta ta san ba kowace mace ake ba wannan matsayi ba, sai mai riƙon sirri, wadda ta san lokacin magana da lokacin yin shiru.

A tsarin gwamnati na yau, jakadan da aka fi sani shi ne wanda ake turawa ya zauna a wata ƙasa na wasu shekaru, kamar jakadan Nijeriya a Saudiyya ko a Masar. Yana da ofis da ma'aikata, kuma duk abin da ya shafi ƙasarsa da 'yan ƙasarsa a can yana wuyansa. Tsarin mulkin Nijeriya ya ce sai Majalisar Dattawa ta amince kafin naɗin irin wannan jakada ya tabbata. Akwai kuma yarjejeniyar ƙasashen duniya da aka ƙulla a birnin Biyana a 1961, wadda ta tanadi irin kariyar da za a ba shi a ƙasar da yake baƙunta.

Na biyu shi ne wanda muke magana a kai, wato jakada ko manzo na musamman. Shi wannan matsala guda ake damƙa masa. Za a ce masa ga rikici ya ɓarke a wuri kaza, ko ga wata cuta ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, je ka yi magana da yawunmu. Idan aikin ya ƙare, ko ya gagara, shi ke nan wa'adinsa ya cika. Ki ɗauka kamar 'yan biko ne. Idan amarya ta yi yaji, ai ba a tura yaron gida ya dawo da ita. Akan nemo dattijon da iyayenta ke jin nauyinsa, wanda ba za su iya kallon idonsa su ce a'a ba. Ƙasashe ma haka suke yi. Amurka, alal misali, ta naɗa manzo na musamman zuwa Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a 2008, ta kuma naɗa jakadiya ta musamman kan al'amuran matan duniya a 2009. A nan gida, a 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa Ambasada Babagana Kingibe manzonsa na musamman kan ƙasar Chadi da yankin Tafkin Chadi.

Ranar da aka rufe iyakar Nijar

Babu misalin da ya fi kusa da mu kamar abin da ya faru a 2023. Ranar 26 ga Yuli na wannan shekara sojojin da ke gadin fadar shugaban ƙasar Nijar suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum, daga bisani kwamandansu, Janar Abdourahamane Tchiani, ya bayyana kansa a matsayin shugaba. Kwana huɗu bayan haka shugabannin ƙungiyar ECOWAS suka taru a Abuja a ƙarƙashin jagorancin Shugaba Bola Tinubu, suka ba sojojin wa'adin mako guda su mayar da mulki, suka kuma ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyaka, aka dakatar da ciniki, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ita ce mafi yawan wutar da ƙasar ke amfani da ita.

Ke da kike shiga kasuwa kin san abin da iyakar nan take nufi. Tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,500, kuma jihohi bakwai ne ke jingine da ita, daga Kebbi har Borno. Ta nan raguna da shanu da raƙuma ke shigowa, ta nan ake kawo wake da albasa da aya da dabino, daga nan kuma hatsi da kayan masarufi ke tafiya can. Da aka rufe, sai manyan motoci suka yi cirko-cirko a Jibiya da Illela da Maigatari, kayan da ke lalacewa suka lalace, 'yan dako da direbobi suka zauna ba aikin yi. Dama jama'a na fama da cire tallafin man fetur da aka yi a watan Mayu da kuma faɗuwar darajar naira, don haka ba za a ɗora wa rufe iyaka dukkan tsadar wannan shekara ba. Sai dai ta zama ƙari a kan ƙari. Idan kin tuna, a watannin nan kina tayawa mai kaya zai ce miki, "Hajiya, hanya a rufe take."

Abin da ya fi tsada tayar da hankali shi ne maganar yaƙi. Ranar 10 ga Agusta ECOWAS ta ba da umarnin a shirya rundunar ko-ta-kwana. A Kaduna, garin barikokin soja da makarantar horar da hafsoshi, gida nawa ne ba shi da ɗa ko miji ko ƙane a cikin kaki? Kuma wa za a je a yaƙa? Mutanen Maraɗi da Damagaram da Birnin Ƙonni, waɗanda muke auratayya da su tun kafin Turawa su ja layin iyaka. A wannan hali ne aka shiga tura manzanni.

Tawagar farko ta tashi ranar 3 ga Agusta, ƙarƙashin tsohon shugaban ƙasa Janar Abdulsalami Abubakar, tare da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Ba a banza aka zaɓe su ba, domin da tsohuwar zuma ake magani. Janar Abdulsalami soja ne da ya miƙa mulki ga farar hula da hannunsa a 1999, shi ya jagoranci sulhun Laberiya a 2003, kuma ya taɓa shiga tsakani a Nijar ɗin kanta a 2009 zamanin Shugaba Mamadou Tandja. Sarkin Musulmi kuwa tsohon hafsan soja ne, ga kuma girman gidan Shehu Usmanu da ake gani a ɓangarorin biyu. Duk da haka, a wannan zuwan ba su wuce filin jirgin saman Yamai ba, ba su ga Tchiani ba, ba su ga Bazoum ba. A daidai lokacin kuma an tura Ambasada Kingibe zuwa Libiya da Aljeriya domin jin ta bakin maƙwabtan Nijar na arewa.

Mutane da yawa sun ɗauka shi ke nan ƙofa ta rufu. Amma ranar 9 ga Agusta sai aka ga Sarkin Kano na 14, Muhammadu Sanusi II, zaune da Janar Tchiani, tare da rakiyar Sarkin Damagaram. Shi da kansa ya bayyana cewa ba gwamnati ce ta aike shi ba, amma da ya dawo ya je ya shaida wa shugaban ƙasa abin da ya jiyo. Kwana uku bayan nan, tawagar malaman addini ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau, wadda ta nemi izinin shugaban ƙasa kafin ta tashi, ta isa Yamai. An karɓe su da mutunci, sun zauna da Tchiani na tsawon lokaci, suka dawo da saƙon cewa a shirye yake a tattauna. Ranar 19 ga Agusta Janar Abdulsalami ya koma, kuma a wannan karon ya gana da Tchiani, aka kuma bar shi ya ga Bazoum a inda ake tsare da shi.

Ki lura da yadda abin ya gudana. Tawagar da ta zo da wa'adi a bayanta an tsayar da ita a filin jirgi, waɗanda suka zo da sunan zumunci da addini kuma aka shimfiɗa musu tabarma, sannan ta ƙofar da suka buɗe ne manzon hukuma ya samu ya shiga. Hausawa sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Kada kuma a yi miki ƙari a cikin labarin. Manzannin nan ba su dawo da Bazoum kan mulki ba, ba su ma samu an sake shi ba. Daga baya Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga ECOWAS, ficewar da ta tabbata a Janairun 2025. Amma yaƙin da aka ji tsoro bai auku ba, domin zirga-zirgar manzanni, tare da matsin lambar sanatoci da sarakuna da talakawan Arewa, ta sa zuciya ta yi sanyi. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 ECOWAS ta ɗage takunkumin, a watan Maris kuma aka buɗe iyaka. Duk matar sojan da mijinta ya kwana a gida a wannan daminar, tana da rabo a cikin wahalar waɗannan dattawa, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Manzon da aka turo saboda ɗigon shan-inna

Uwargida, idan 'ya'yanki sun kai shekara ashirin da 'yan kai, za ki tuna 2003, lokacin da jita-jita ta cika gari cewa an zuba maganin hana haihuwa a cikin ɗigon rigakafin shan-inna. Jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin. Tsoron iyaye yana da tushe, domin ba a manta da abin da ya faru a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, sa'ad da wani kamfanin magunguna na Amurka ya gwada sabon magani a kan yara, wasu suka rasu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai cutar ba ta jira a gama gardama ba. Yara suka ci gaba da shanyewa, kuma ƙwayar ta bi matafiya ta koma ƙasashen da a da sun rabu da ita, har ta kai Sudan da Yaman da Indunisiya. Likitocin Hukumar Lafiya ta Duniya sun yi ta kawo sakamakon gwaji, amma wanda bai yarda da kai ba ba zai yarda da takardarka ba. A nan ne Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, Kofi Annan, ya turo mai ba shi shawara kan harkokin Afirka, Farfesa Ibrahim Gambari, ɗan gidan sarautar Ilori kuma tsohon ministan harkokin wajen Nijeriya. Gambari ba likita ba ne. Abin da yake da shi shi ne ya san ta ƙofar da ake shiga fada, ya san yadda ake gaida manya. Ya gana da Shugaba Obasanjo, ya kuma zaga Arewa ya zauna da sarakuna da shugabannin siyasa.

Ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Taron shugabannin ƙasashen Musulmi da aka yi a Malesiya a watan Oktoba 2003 ya yi kira da a kawar da cutar. Gwamnatin tarayya ta tura tawagar masana da wakilan malamai zuwa Afirka ta Kudu da Indiya da Indunisiya domin a gwada maganin a gabansu. A ƙarshe Kano ta amince da maganin da aka sarrafa a Indunisiya, ƙasar Musulmi, aka koma rigakafi a ƙarshen Yulin 2004. An daɗe ana fafatawa bayan nan, kuma matan da ke bi gida-gida da akwatin sanyi su suka ɗauki mafi nauyin aikin, amma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan-inna. Akwai sauran wani nau'in da yakan ɓullo a inda rigakafi ya yi rauni, shi ya sa ba a daina ɗigon ba, don haka kada ki rufe wa masu zuwa ƙofa.

Lokacin da aka tsare mata maniyyata

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye mu mata. A watan Satumba 2012, ana tsakiyar jigilar alhazai, hukumomin Saudiyya suka tsare mata 'yan Nijeriya kimanin 1,000 a filayen jirgin Jidda da Madina, bisa dalilin cewa ba a ga muharramansu ba. Ɗaruruwa daga cikinsu aka dawo da su gida ba tare da sun ga Ka'aba ba. Ki yi tunanin baiwar Allah da ta yi shekaru tana adashe, ko ta sayar da gonar gado, an yi mata rakiya har sansanin alhazai, sai ga ta ta dawo cikin 'yan kwanaki tana hawaye.

Nijeriya na da ofishin jakadanci a Riyad da ƙaramin ofishi a Jidda, amma maganar ta fi ƙarfin wasiƙar ofis. Hukumar alhazai ta dakatar da jigila na ɗan lokaci, Shugaba Goodluck Jonathan kuma ya kafa tawaga ta musamman ƙarƙashin Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, domin ta tattauna da Saudiyya. Bayan an kai ruwa rana aka samu maslaha, aka ci gaba da jigila, aka kuma buɗe hanyar komawa ga matan da aka daidaita takardunsu. Shekara goma bayan haka, a 2022, Saudiyya ta sanar da cewa ba ta ƙara sharɗanta wa mace zuwa da muharrami kafin a ba ta izinin Hajji ko Umara.

Mata ma ana aikensu

Kada ki ɗauka wannan fage na maza ne kaɗai. Hajiya Amina Mohammed, 'yar asalin Gombe wadda ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a nan Kaduna, ita aka damƙa wa kula da shirin muradun ƙarni a 2005, lokacin da aka yafe wa Nijeriya bashin dala biliyan 18, aka kuma ware kuɗin da aka samu sauƙinsu domin asibitoci da makarantu da ruwan sha. A 2012 Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya Ban Ki-moon ya naɗa ta mai ba shi shawara ta musamman, inda ta yi shekara uku tana sasanta ra'ayoyin ƙasashe har aka amince da muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa a 2015. A 2017 ta zama mataimakiyar Sakataren Majalisar. Haka nan Tarayyar Afirka ta naɗa Bineta Diop 'yar Senegal manzo ta musamman kan mata da zaman lafiya a 2014, sannan a 2020 ta sa Ngozi Okonjo-Iweala cikin manzannin da za su nemo wa nahiyar tallafi lokacin annobar korona.

Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Macen da ta iya sasanta kishiyoyi, ko ta zauna tsakanin dangin ango da na amarya a kan lefe har kowa ya tashi ba a ɓata ba, ta riga ta san tushen aikin. Abin da ya rage shi ne ilimi da harsuna, kuma wannan a hannunmu yake mu iyaye. Yarinyar da kika ga Allah Ya ba ta kaifin baki da natsuwa, ki dage ta yi karatu mai zurfi.

Abin da za ki riƙa saurara

Yana da kyau ki san cewa ba kowane naɗi ne ke haifar da ɗa mai ido ba. Wani lokaci muƙamin sakayya ce kawai ga abokin siyasa, a ba shi suna da mota, ba a sake jin ɗuriyarsa. Sannan manzo na musamman ba ya maye gurbin jakadan da ke zaune. A watan Satumba 2023 gwamnatin Nijeriya ta kira jakadunta na ƙasashen waje su dawo gida, kuma sai a ƙarshen 2025 aka miƙa wa Majalisar Dattawa sunayen sababbi. Muƙaddasai sun yi fiye da shekara biyu suna riƙe da ofisoshin, alhali ɗalibanmu da 'yan kasuwarmu da matan da suka tafi aikatau a ƙasashen Larabawa kullum suna bukatar mai tsaya musu.

Saboda haka, duk ranar da kika ji an naɗa manzo na musamman, ki saurari abu uku. Wace matsala aka ba shi, kuma ta shafi garinku ko sana'ar maigidanki? Shin mutanen da aka tura shi wurinsu suna ganin girmansa, ko wanda ya aike shi ne kaɗai ke ganin girmansa? Sannan bayan wata uku ko shida, me ya dawo da shi? Wannan ta ƙarshen ita ce aka fi mantawa, domin rediyo kan sanar da tafiya, ba kasafai take bin diddigin dawowa ba. Idan an buɗe layi a shirin da kike saurare, ki kira ki tambaya. Idan ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, ki sa ƙungiyarku ta mata ta tambaye shi. Ke kanki idan kika aiki yaro Checheniya da kuɗinki, ai ba ki barinsa ya wuce ɗaki sai ya ajiye kaya ya ba ki canji.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanmu lafiya, Ya sa albarka a cikin cefanenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.